Salansa Ba Ta Ɓoye Cuta: Jagorar Duba Hayaƙin Babur da Kula da Bututunsa

Wanda ya tsaya a shataletalen Dandima da ke Sakkwato da hantsi, lokacin da 'yan kabu-kabu ke kai da komo tsakanin cikin gari da hanyar jami'a, yana iya rufe ido ya rarrabe baburan da ke wucewa da kunne kaɗai. Akwai mai tafiya da lallausar murya, akwai mai tari kamar tsohon da sanyi ya kama, akwai kuma wanda ke harbi kamar bindigar toka da zarar mai shi ya sake wuta. Yawancin masu babur a Sakkwato suna ɗora wa salansa laifin duk waɗannan, sai su zarce wurin mai walda ko shagon kayan gyara. Sau da yawa kuɗin da aka kashe a haka asara ce, domin salansa ƙofa ce kawai da abin da ya faru a cikin inji yake fitowa ta cikinta, kuma hayaƙin da ake zarginta da shi ba ita ta haife shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babur mai shan mai fiye da ƙima ya zama kaya a wuyan mai shi, kuma babu inda mutum zai gane ɓarnar mai cikin sauƙi, ba tare da ya biya ko sisi ba, kamar bakin salansa. Saboda haka ido da kunne da hanci ne za su fara aiki, sifana kuwa sai daga ƙarshe.

Abin da ke cikin salansa

Salansar ƙananan baburan da suka cika garin nan, irin su Bajaj Boxer, Kasea, Jincheng, Haojue da roba-roba, ba ta da sassa masu yawa. A jikin kan inji akwai ramin da ƙonannen mai ke fita, a bakin ramin kuma akwai wani zobe mai jure zafi, wato gaskit, wanda ke lotsewa idan an ɗaure don ya toshe duk wata kafa. Wuyan salansa yana zama a kan wannan zobe, noti biyu suna danne shi a kan bolti biyu da ke dashe a jikin kan injin. Daga nan wuyan ya lanƙwasa ya shiga tulun salansa, inda aka jera faranti da bututu masu huda da ke karya ƙarfin iska da ƙararta kafin ta fita. Ta baya akwai boltin da ke rataye tulun a jikin babur, sannan marfin da ke kare ƙafar fasinja. A wasu baburan Bajaj ana ganin wani ɗan akwati a ƙasa, tsakanin wuya da tulu, wanda kamfanin ya raɗa wa suna ExhausTEC. Yana taimaka wa inji ya ja da ƙarfi a ƙaramin gudu, don haka ba kumburi ba ne da mai walda zai yanke ya yar. Sababbin baburan da ke fesa mai da na'ura maimakon kafireto suna da ɗan ma'auni mai waya da aka ɗaura a wuya yana auna iskar oksijin, kuma dole a cire wayarsa a hankali kafin a kwance komai.

Abu biyu ne ke cin salansa, zafi da ruwa. Iskar da ke fitowa daga kan inji tana wuce digiri 500 idan babur yana cikin aiki. Batun ruwa kuwa shi ne mutane ba su cika yarda da shi ba a gari mai fari irin namu, amma duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa ɗaya a matsayin tururi. Idan tafiya ta yi nisa, zafi yakan kore shi gaba ɗaya. Idan kuwa daga gida zuwa masallaci ne ko bakin kasuwa a kashe, tururin yana komawa ruwa ya kwanta a gindin tulu, shi ya sa salansa take ruɓewa daga ciki alhali bayanta yana walƙiya.

Dubawa a sanye

Ana yin matakin farko ne da safe kafin a tayar da babur, ko bayan ya huta aƙalla awa ɗaya a inuwa, domin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen da ke rana ba ya saurin hucewa. A ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai haske, a tsuguna a fara daga inda wuya ya haɗu da kan inji. Abin da ake nema shi ne baƙi irin na gindin tukunya a gefen haɗin ko a kan haƙarƙarin injin, domin duk inda hayaƙi yake tserewa sai ya bar sawunsa. A taɓa notin biyu da yatsa. Idan ɗaya yana juyawa da hannu, ko ma ya faɗi a hanya, to an riga an samu rabin amsa.

Daga nan a kama wutsiyar salansa a girgiza ta sama da ƙasa. Lafiyayyar salansa da babur take motsi gaba ɗaya. Idan ita kaɗai take lilo, boltin baya ya saki ko kunnen da yake riƙewa ya tsage, kuma wannan shi ne ke kashe gaskit, saboda nauyin tulu duka yana komawa kan wuya yana jijjiga shi a kowane rami. Masu ɗauko buhunan albasa daga Kware da Gwadabawa da Wurno sun fi kowa fama da wannan, domin lodi yana zaunar da babur ƙasa har gindin salansa ya riƙa dukan tudu. Su sai su leƙa ƙasa su ga ko bututun ya lotsa; ƙaramar lotsawa ba ta da illa, amma wadda ta matse hanyar iska sosai tana rage wa inji ƙarfi.

Sai a ɗauki sukudireba a juya ta, a riƙa ƙwanƙwasa tulun da mariƙinta daga gaba zuwa baya. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsabta, wanda tsatsa ta cinye kuma yana amsawa a dakushe. Idan aka ji wani abu yana kacau-kacau a ciki, ko dai farantin ciki ya ɓalle daga waldarsa, ko ɓawon tsatsa ne ya taru. A ƙasan tulun salansa da yawa akwai wata 'yar huda da ba ta wuce kaurin tsinken tsire ba, wadda kamfani ya yi da gangan don ruwan tururi ya tsiyaye. Na sha ganin an toshe ta da walda da sunan gyara, wanda kuskure ne babba. Abin da take buƙata shi ne a zura waya a buɗe ta idan laka ta toshe ta.

A ƙarshe a zura yatsa a bakin salansa a shafo. Ɗan busasshen baƙi mara kauri ba komai ba ne. Baƙi mai kauri mai laushi kamar garin gawayi yana nuna mai ya yi wa inji yawa. Idan kuwa yatsan ya fito da maiƙo, baƙin mai ne yake ƙonewa.

Tayarwa da saurare

A fitar da babur waje kafin a buga kik. Wannan ba ƙa'idar ado ba ce. A gidajenmu zaure ne makwancin babur, kuma a lokacin hunturu mutane sun saba tayar da shi da asuba a cikin zaure, ƙofa a rufe, wai don ya yi ɗumi. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Ita ce dai gubar da ke hallaka iyali idan an kwana da janareto a rufaffen wuri. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamominta na farko, kuma wanda ya ji su ya kashe inji ya fita sarari nan take.

Mintin farko bayan tayarwa shi ne mafi amfani, domin bututu bai riga ya yi zafi ba. A bar injin a sulo, a kusantar da tafin hannu ga haɗin wuya ba tare da an taɓa ba. Idan gaskit yana yoyo za a ji iska tana bugun fata daidai da bugun inji. Wanda bai gamsu ba ya kaɗa ruwan sabulu ya yayyafa a haɗin da duk inda aka taɓa yin walda, kumfa za ta tashi a wurin da ke da kafa. Yoyon gaskit yana da sauti irin nasa, wani fit-fit mai kaifi da ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe. Kada a rikita shi da kas-kas ɗin bawul (murfin da ke buɗe da rufe hanyar shigar mai da ta fitar hayaƙi a kan inji) mai sako-sako, wanda ƙarar ƙarfe ce a kan ƙarfe kuma daga saman inji take fitowa.

Akwai gwajin tsumma, wanda tsofaffin makanikai suka fi amincewa da shi. A ninka tsumma mai kauri a danne bakin salansa na 'yan daƙiƙu. Idan babu yoyo, inji zai shaƙe, ya yi kamar zai mutu ko ya mutu. Idan kuwa ya ci gaba da aikinsa kamar ba a yi komai ba, iska ta samu wata hanya, kuma a lokacin za a ji tana huci a daidai inda take fita.

Harbin da babur ke yi idan an sake wuta yana da tushe biyu. Ko dai iskar waje tana kutsawa ta kafar gaskit ta haɗu da ragowar man da bai ƙone ba, su kama wuta a cikin bututu, ko kuma man da kafireto yake bayarwa a sulo ya yi kaɗan saboda datti ya toshe ƙaramin jet, wato 'yar hudar da mai ke bi a cikin kafireto, ko robar da ke tsakanin kafireto da inji ta tsage. A fara da gaskit, domin shi ya fi arha kuma ya fi yawan zama sanadi. Wuyan salansa da ya yi ja kamar garwashi da dare kuwa ba abin wasa ba ne. Yana faruwa idan mai ya yi ƙaranci ƙwarai, ko wutar fulogi tana zuwa a makare, ko bawul ɗin fitar hayaƙi ba ya rufewa da kyau, kuma ci gaba da tafiya a haka yana ƙona bawul ɗin. A nan sai an kai ga mai auna tazarar bawul da ma'auni. A Honda CG125, alal misali, tazarar milimita 0.08 ce idan inji yana a sanye.

Karatun hayaƙi

Farin hayaƙi mara kauri da ke fita da sanyin safiyar Disamba ko Janairu, ya ɓace bayan 'yan mintuna, tururi ne, ko da an ga ɗigon ruwa a bakin salansa. Baburan nan namu iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto balle ruwa ya shiga inji, don haka farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, idan aka dube shi da kyau a hasken rana za a ga yana da shuɗi-shuɗi, kuma yana ƙaurin ƙonannen baƙin mai.

Shuɗin hayaƙi ne ya fi jawo sayen salansa a banza. Kafin a zargi komai, a zaro sandar auna baƙin mai a duba, domin ƙaramin inji lita ɗaya ko ƙasa da haka yake sha, kuma yaron da ya juye galan gaba ɗaya don kada a ce ya rage zai iya sa lafiyayyen babur hayaƙi. Haka nan babur ɗin da ya faɗi ya daɗe a kwance yakan yi hayaƙi na ɗan lokaci. Idan ba waɗannan ba ne, sai a lura da lokacin da hayaƙin yake zuwa. Wanda ke fita da tayarwar safe kawai, ya ɗauke bayan an ɗan taɓa tafiya, yawanci robar da ke wuyan bawul ce ta bushe, baƙin mai yana tsiyaya cikin silinda cikin dare. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka ba da wuta ko aka ɗauki fasinja biyu, ringi ne, wato zoben da ke jikin fistin, ya cinye ko silinda ta yi faɗi. Wani dattijon makanike da nake kai wa babur ya taɓa hana ni sayen salansa ina tsaye da kuɗi a hannu. Ya shafo bakinta da yatsa, ya murza maiƙon, ya ce, "Malam, wanga ba laihin salansa ba na. Ko ka sawo sabuwa hul cikin kwali, hayaƙin ga sai ya biyo ka. Ringi na yac cinye." Da ya buɗe akwatin matatar iska, wadda suke kira iya-kilina, sai ga soson ya yage a gefe ɗaya, jar ƙura ta kwanta har cikin maƙogwaron kafireto. Ƙurar hunturu idan ta wuce matata ta haɗu da baƙin mai, aikin sanfefa take yi wa ringi. Abin lura kuma shi ne, bayan an canza ringi babur zai iya ci gaba da ɗan hayaƙi na wani lokaci, saboda tsohon man da ya kwanta a tulu sai ya ƙone tukuna. Kada a koma a tsare makanike da faɗa tun a ranar.

Baƙin hayaƙi kuwa kuɗi ne ke fita ta salansa. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan kowane kashi ɗaya nasa ya samu kashi 14.7 na iska bisa nauyi, kuma da zarar iska ta ragu ko mai ya ƙaru, ragowar baƙi take zama. A fara da abu mafi sauƙi, wato cok, abin da ke sa mai ya fi iska yawa don inji ya tashi a sanye, da aka ja da safe aka manta ba a mayar ba. Sai matatar iska, wadda a watannin ƙura take toshewa cikin makonni kaɗan. Ta soso ana wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a matse ba tare da an murɗe ba, a bar ta ta bushe sarai, a ɗan shafa mata baƙin mai mai tsabta. Ta takarda ba a wanke ta ba a shafa mata mai, canza ta ake yi. Idan waɗannan lafiya lau suke, sai a duba kafireto, musamman allurar da ke tsayar da mai idan kwanonsa ya cika. Fulogi shi ne shaida na biyu: bakinsa ya zama ruwan ƙasa idan komai daidai ne, baƙi busasshe idan mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo idan baƙin mai ne, fari fat idan mai ya yi kaɗan. Idan kuma hayaƙi da wari sun canza daga ranar da aka sha man kwalba a bakin hanya, a juye tankin a sa wani kafin a kwance komai, domin fetur ɗin da aka gauraya da kananzir ba ya ƙonewa da kyau.

Tsofaffin babura irin Suzuki AX100 da Jincheng mai wannan samfuri lissafinsu daban ne, domin injinsu da gangan yake ƙona man da ke sa masa santsi tare da fetur, don haka ɗan shuɗin hayaƙi ɗabi'arsu ce. Matsalar ita ce masu su da yawa sun kashe famfon da ke auna man, suna zuba baƙin mai na yau da kullum a tanki da ƙiyasin ido. Man da aka yi domin irin wannan inji, wanda ake rubuta 2T a jikin robarsa, shi ne ke ƙonewa ba tare da barin dasashi mai yawa ba, kuma awon da littafin babur ya faɗa shi ake bi. Idan an ce kashi 1 cikin 50, mililita 20 ke nan a kowace lita.

Idan salansa ta toshe

Babur mai toshewar salansa yana tashi, yana ma iya zama a sulo, amma da an ba shi wuta sai ya nauyaya, ya ƙi gudu, inji ya yi zafi, muryarsa ta shaƙe. Ƙanena ya taɓa barin babur ɗinsa wata huɗu a zaure ya yi tafiya. Da ya dawo, yaron gareji ya wanke kafireto sau biyu ya canza fulogi, abu ya ƙi. Maigidan yaron ya zo ya tara hannu a bakin salansa, ya ji numfashinta da ƙyar, ya lanƙwasa wayar sifok ya zura, sai ga busasshiyar laka tana zubowa da matattun tsutsotsi a ciki: zanzaro ne ya yi ɗaki. Yara ma sukan cusa tsakuwa ko ƙwallon dabino. Wanda zai ajiye babur na tsawon lokaci ya ɗaure bakin salansa da leda bayan ta huce, ya rataya wani abu a kan makunni da zai tuna masa ya cire.

Idan ana shakka, a sassauta notin wuya har iska ta samu hanyar fita ta gefe, a tayar da inji na 'yan daƙiƙu a ba shi wuta sau ɗaya ko biyu. Idan ya amsa da kuzari, toshewar tana cikin salansa. Gwaji ne kawai, ba a hawa babur a haka.

A baburan 2T dasashi ne ke toshe ta, kuma yawancinsu suna da bututun ciki da ake zarowa ta baya idan an kwance ɗan sukuru ɗaya. A goge shi da burushin waya, a buɗe hudojinsa ɗaya bayan ɗaya. Ramin da ke jikin silinda ma yakan ƙuntata. A juya inji har fistin ya rufe ramin daga ciki, sannan a kankare da katako ko wani abu mai laushi, don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Wasu suna jiƙa tulun kwana ɗaya a ruwan soda mai ƙarfi irin ta masu sabulu. Tana aiki, amma tana cin fata da ido, tana kuma narkar da alminiyam, don haka sai da safar hannu da tabarau, kuma soda ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba. Masu gasa salansa a wuta kuwa su sani cewa fenti da walƙiyarta sun tafi ke nan, kuma wadda aka ɗauraye da fetur ba a kusantar da ita ga wuta ko kaɗan.

Kwancewa da mayarwa

A nan ne ƙaramin aiki yake zama babba. Notin wuya sun sha zafi da sanyi sau dubbai, tsatsa ta manne su, boltin da suke kai kuma siriri ne, an dasa shi a cikin alminiyam mai laushi. Idan ya karye a ciki, aikin gaskit na minti ashirin ya koma cire kan inji a kai wa mai injin huda. Saboda haka tun daren jiya a goge zaren boltin da burushin waya, a fesa masa man sassauta tsatsa irin WD-40, ko a ɗiga kananzir. Man birki da wasu ke amfani da shi yana ɓata fenti idan ya ɗiga. A yi amfani da sifana mai zobe wadda ta zauna daidai, ba mai buɗaɗɗen baki ba, balle fulaya. Idan noti ya ƙi, a ɗan matsa shi gaba kaɗan, a dawo da shi baya, a ƙara mai, a yi ta haka har ya saki. Idan aka ji ya fara juyawa da laushi kamar ana murɗa alewa, a dakata, bolti ne yake shirin tsinkewa. In kuwa ya riga ya tsinke ya bar ɗan kai a waje, gwanin mai walda yana iya liƙa noti a kansa, zafin waldar ma yakan taimaka ya fito.

A sassauta na wuya da na baya duka kafin a cire ko ɗaya, a tallafi tulun da hannu lokacin zare boltin baya. Bayan salansa ta fita, a haska cikin ramin da tocila a nemi tsohon gaskit. Yakan yi baƙi ya lafe har a ɗauka jikin inji ne, kuma ɗora sabo a kansa shi ne dalilin da ya sa wasu ke canza gaskit yoyo bai daina ba. A ɓanɓaro shi da bakin sukudireba a hankali, a share wurin. Gaskit sau ɗaya yake lotsewa, don haka ba a mayar da tsoho, kuma zoben da aka yanka daga gwangwanin madara bai zama madadinsa ba. Ɗigon giris yana riƙe sabon a wurinsa har a ɗora wuya.

Tsarin ɗaurewa yana da muhimmanci. A sa dukkan noti da bolti da hannu kawai, salansa tana ɗan motsi. Sannan a matse na wuya bi da bi, kaɗan a wannan kaɗan a wancan, don farantin da ke danne wuyan ya zauna a miƙe. Na baya shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara ɗaure na baya ya tilasta wa wuya zama a karkace, kuma ko gaskit ya yi yoyo ko bututu ya tsage daga baya. Ga mai sifanar awo, notin da sifana 10 ke kamawa yana buƙatar kimanin niyutan-mita 10 zuwa 12, na sifana 12 kuma 20 zuwa 25. Wanda ba shi da ita ya yi amfani da gajeriyar sifana da ƙarfin hannu ɗaya, kada ya ƙara mata bututu. Bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu, idan inji ya huce, a sake taɓa notin, domin sabon gaskit yakan ƙara kwantawa.

Walda ko sabuwa

Tsagewar kunnen rataya ko ƙaramar huda a ƙarfe mai kauri tana karɓar walda. Tulun da sukudireba ke hudawa da ɗan dannawa ya gama yayi, kuma duk inda aka liƙe, gefensa ne zai buɗe. Ƙarfen salansa siriri ne, waldar gas ta fi dacewa da shi fiye da ta lantarki, wadda ke saurin huda shi. Ko wacce za a yi, a cire salansar daga jikin babur, saboda tanki da tiyon mai suna kusa, kuma wutar walda tana iya kashe akwatin da ke ba fulogi wuta. Wajen sayen sabuwa a je da tsohuwar a gwada lanƙwasar wuya da mazaunin bolti, a kuma ɗaga su biyun a ji nauyi. Wadda ta fi sauƙi ƙwarai an rage mata ƙarfe ko farantan ciki.

Damina, wanki da masu fasa salansa

A watan Agusta, idan ruwa ya kwanta a unguwanni irin Mabera ko a hanyoyin fadamar Rima, mai ratsa ruwa ya sa giya ta ɗaya ya riƙe wuta ba tare da sakewa ba, domin iskar da ke fita ita ke hana ruwa shiga. Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a buga kik. A tura babur waje, a cire fulogi, a duba akwatin matatar iska, a ɗaga gaba don ruwan salansa ya zubo, a buga kik ba fulogi har silinda ta fitar da abin da ta sha. Idan baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, a canza shi kafin a tayar. Lakar da ta manne a wuya a wanke ta, domin tana riƙe danshi. A wurin wanki kuwa a bari salansa ta huce, a toshe bakinta kafin a kunna famfo, bayan an gama a yi tafiyar minti goma don ta bushe daga ciki. Duk ranar juyen baƙin mai, a ƙara minti biyu a taɓa notin wuya da boltin baya da 'yar hudar ƙasa.

Samarin da ke huda farantan ciki don babur ya yi ruri a rakiyar amarya suna cewa gudu yake ƙarawa. A ƙaramin inji abin da aka fi samu shi ne raguwar ja a ƙaramin gudu, wanda shi ne ɗan kabu-kabu yake ci da shi, tare da rikicewar awon mai da iska da kamfani ya daidaita da wannan salansar, sai zafi ya ƙaru a kan bawul. Ƙarar da ta kai desibel 85 tana lalata ji idan ana wuni a cikinta, kuma kunnen da ya fi daɗewa kusa da ita na mai babur ɗin ne.

Marfin kariya shi ne abin da aka fi rainawa. Sukuru biyu ko uku ne ke riƙe shi, idan suka saki ya fara ƙara sai a cire shi a jefa a lungu, alhali tabon salansa a ƙwaurin mata da yara abu ne da kowa ya sani a garin nan. A mayar da shi da washa mai hana sassautawa, kuma a riƙa ce wa fasinja ya sauka ta hagu, gefen da babu salansa a yawancin baburan nan, ya kuma tattare zane ko hijabi ko babbar riga. Idan ƙuna ta faru, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa man goge baki, manja, ƙwai ko baƙin mai, kada kuma a fasa bororon da ya tashi. A rufe da tsumma mai tsabta wanda ba ya mannewa, kuma idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko fatar ta yi fari, ko ƙaramin yaro ne ko mai ciwon sukari, a nufi asibiti a ranar.